Koren Maɓalli da Surukin Malam Gambo

Kai mai jar hula, aje wayar nan. Na ji abin da ka ce ma ɗan'uwanka da nike shigowa, kunnena bai mutu ba tukuna. Wai aikin Tanti Rabi mi ne ne, in ba yawon ƙauyuka ana nuna ma tsofaffi inda za su danna ba. To madalla. Tunda kun zo sitaj, koyon aiki wurina, kowa da diplom ɗinshi cikin leda kamar sabon zane, ku gyara zama. Yau ba za mu kunna ordinatar, wato kwamfuta, ba. Labarin Malam Gambo na Issawane zan ba ku, mutumin da ya riƙe mangaza, ɗakin ajiyar kayanmu, tun wasunku ba su zo duniya ba, buhu bai taɓa ɓata a hannunshi ba, kuma wanga lojisiyel da kuke kira danna-danna shi ya raba shi da makullanshi.

Ni da daktilo na fara, aikin buga takardu da mashin, a wani biro nan Tasawa, ƙarƙashin wata Madam Zali, Allah Shi jiƙan ta. Mashin ɗin ƙarfe ne zalla, in ka buga harafi sai maƙwabta sun ji. Aikina na farko takardar gayyata ce mai kwafi da yawa. Ana jera farar takarda da karbon, wata farar da wani karbon, a murɗa su ciki. Ta nuna mini, na ce na gane. Sai ta tashi daga kujera ta ce, "Zauna ki yi." Na buga har ƙasa ina jin kaina, muka zare, ashe karbon ɗin a juye shike, rubutu duk ya koma bayan takarda. Ta ce, "Rabi, daga yau kada ki sake ce mini kin gane. Baki ne ke ganewa da sauri, ni kuwa da hannu nike aiki." Duk zamana da ita ban taɓa jin ta tambayi mutum ko ya gane ba. Tashi take yi ta ba ka kujera ta tsaya bayanka. Abin da na koya wurinta ke nan, da shi nike cin tuwo har yau.

Daga nan na dawo Iniyon, ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya. Mangazoji sun yi mana yawa, daga wajen Urafane har arewacin Mayahi, ga iri, ga taki, ga abincin bisashe. Sai masu ba mu tallafi suka ce a kawo lojisiyel guda, tsarin aiki na cikin ordinatar, wanda zai haɗa komi wuri ɗaya, mangaza da kamyo mai jigilar kaya da sayayya da sunayen membobi. Buhu ya fita Urafane, allon Tasawa ya nuna ya fita. Kaya sun kusa ƙarewa, allo ya yi ja, a tura kamyo. Ba na kushe shi, abin kirki ne ƙwarai. Sai dai abin da aka zuba mishi kawai ya sani. In ba a gaya mishi buhu ya fita ba, zai rantse maka buhun na nan har tashin duniya.

Ranar da aka ƙaddamar da shi an yi biki, an ci kaji, an ɗauki foto. Direktanmu na lokacin, wani dogon mutum mai son kalmar da ba a saba ji ba, ya miƙe ya ce, "Se fini! Daga yau zero papiye!" Aka tafa. Ya sa aka bi mangaza-mangaza aka kwashe rajistocin takarda, wai in an bar su mutane ba za su taɓa tabilet ba. Aka cusa su cikin buhuna, aka kulle a ɗakin bayan biro. Gara ta yi mana godiya, kafin damina biyu ta gama da su. A madadinsu aka ba kowace mangaza tabilet, da ɗan pano na caji da hasken rana, da littafin bayani. Littafin nan kaurinshi ya kai tubali, da Faransancin da ko ni sai na riƙe kai, kuma wanda ya rubuta shi na tabbata bai taɓa shaƙar ƙurar dusa ba. A Urafane ƙarƙashin ƙafar tebur na tarar da shi, ya kuwa yi daidai.

Sai maganar formasiyon, wato koya ma mutane aiki da shi. Kamfanin da ya sayar da lojisiyel ya ce a turo mishi mutane Maraɗi, otel, da abinci, da perdiyem, kuɗin aljihu na kowace rana. Ku tsaya ku ji waɗanda suka tafi. Direkta ya tafi. Kontabul mai lissafin kuɗi ya tafi. Shugaban Iniyon ya tafi, mutumin da wayarshi ma jikanshi ke karanta mishi. Har wani ƙanen matar shugaba, wanda ban san aikinshi ba sai ranar. Masu mangaza kuwa, waɗanda za su riƙe tabilet ɗin safe da yamma, ko ɗaya ba a ɗauka ba. Ni aka saka daga ƙarshe, don dole wani ya saurara, sai wani matashin animatar, mai wayar da kan membobi a ƙauyuka, mai suna Lawali, don shi ke da moto. Manya suka dawo da jakunkuna da huluna masu tambari, fuska ta yi sheƙi. Ka tambaye su mi aka koya, su ce, "Ai abin ya yi kyau ƙwarai, an karrama mu."

Aikin Tchaké shi ya fara nuna mini irin mutanen da zan koyar. Mai mangazar can wata Hajiya ce mai tsabta, ba ta bari ƙwayar wake ta kwana ƙasa. Allon Tasawa bai taɓa jin ɗuriyarta ba, sai na hau mota na tafi. Na ce, "Hajiya, ina tabilet?" Ta kai ni gida, ta buɗe kwalla, ta zaro shi naɗe cikin ɗankwali, ledarshi ma ba a ɓare ba. Ta ce, "Madam, an ce mini tsada gare shi. In na ɓata, da mi zan biya?" Na zaunar da ita kan buhu, na kunna, na ce ta danna duk inda ranta ke so, in ya fashe wuyana. Ta danna tana rufe ido. Da ta ga bai yi hayaƙi ba, sai ta saki jiki. Muka shigar da buhun wake guda, suna, lamba, yawan buhu. Sannan na nuna mata abin da masu lojisiyel suka yi ma bayin Allah. Maɓallin da ke aika bayanin Tasawa, wani ɗan kore, sun ɓoye shi can ƙasa, ba ya fitowa sai ka tura allo sama da yatsa. In ka danna shi, tabilet ya yi wata ƴar ƙara, ƙil, bayani ya tafi. In ba ka danna ba ka rufe, duk abin da ka rubuta ya goge, kuma ba zai ce maka uffan ba. Ban bar Tchaké ba sai da Hajiya ta yi shi da hannunta ina tsaye bayanta, har ta fara yi tana hira.

Haka na so in bi ko'ina. Na gama ɓangaren Tasawa, na ce a ba ni mota da man gazuwal in shiga arewacin Mayahi. Direkta ya ce, "Madam Rabi, gazuwal babu. Za mu yi kaskad." Wato wanda aka koya ma shi ma ya koya ma wani, a tafi haka har ƙasa. Ya ce Lawali zai yi Issawane. Na ce Lawali bai taɓa koyar da kowa ba. Ya yi dariya ya ce, "Ai nan ne dabarar. Gida ɗaya ne da mai mangazar, yana zuwa can dama, ko litar esansi ta moto ba za mu ba shi ba." Ni na ɗauka ƙane ne ko ɗan wa. Direkta ya san ko mi ne ne, amma kanshi na wurin litar esansi.

Ashe Lawali ɗiyar Malam Gambo shike aure. Ɗiyar fari kuma, wadda uban ko sunanta ba ya kamawa.

Ku da kuka tashi birni kuna gaisawa da surukanku ta waya kuna "alo Papa", ƙila ba ku ga matsalar ba. A Issawane suruki ba ya haɗa ido da surukinshi. Ba ya cin abinci gabanshi, ba ya ɗaga murya, in ya hango shi a hanya sai ya sake lungu. To wannan aka tura ya ce ma wancan, "A'a Baba, ba nan ba, ka yi kuskure, sake." Mai gadin mangazar ne ya ba ni labarin yadda darasin ya gudana, yana ba ni yana dariya har da hawaye. Lawali ya tuɓe takalmi tun daga bakin darni. Ya shigo ya tsuguna gefen ƙofa. Malam Gambo na zaune kan buhu can ciki, ya ba shi rabin baya, yana jan tazbaha. Lawali ya miƙa tabilet da hannu biyu, idonshi a ƙasa, ya riƙa zuba bayani ƙasa-ƙasa da sauri kamar mai karanta addu'ar tashi daga majalisa. Malam na kallon bango yana cewa, "To. To. Madalla." Da aka kira azahar Lawali ya ce, "Baba, an gane?" Malam ya ce, "An gane." Aka kawo fura daga cikin gida, Lawali ya ce yana sauri, ya figi moto. Aka rubuta ma masu tallafi cewa Issawane ta samu formasiyon cikakke.

Abin da ke ci mini rai har yau, Malam Gambo ba daƙiƙi ba ne. Ya yi lakkwal kaɗan, yana karanta boko da ajami. Da Lawali ya tafi, ya zauna da tabilet shi kaɗai ya yi ta lalube, har ya gano inda ake sa suna, inda ake sa lamba, inda ake sa yawan buhu. Da kanshi. Ya buɗe tubalin littafin nan ya rufe, don ba da shi ake magana ba. Koren maɓallin ne kawai bai taɓa gani ba, don ba wanda ya ce mishi allo na turuwa sama. Kullum in ya ba da kaya sai ya rubuta tsaf, ya ce alhamdulillahi, ya rufe murfin. A tunaninshi Tasawa ta ji.

Sai ga mummunar shekara. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fidda kai, ciyawa ba ta kai gwiwar akuya ba. Kafin bazara ta kankama shanun arewa sun fara kwanciya ana ɗaga su da itace. Masu tallafi suka ba da dusa da gurya a raba ma makiyaya membobinmu kyauta, aka cika mangazoji. Issawane ta fi kowa buƙata, can ne garke shike. Malam Gambo ya yi ta rabo, layi tun daga ƙofa har gindin adua, yana rubutawa yana rufewa. Kaya suka ƙare. Ya kira Tasawa ya ce a turo kamyo.

Ina biro ranar, da kunnena na ji. Direkta ya dubi allo ya ce, "Malam Gambo, lojisiyel ya ce mangazarka cike take, ko buhu ɗaya bai fita ba." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ina tsaye cikinta, muryata har amsa-kuwwa take yi." Direkta ya ce, "Mashin ba ya ƙarya," ya kashe waya. Ya juyo ya ce mana tsofaffin nan sun saba, kullum so suke a ƙara musu. Na ce a bari in je in gani. Ya ce gazuwal na kamyo ne, ba na yawon Madam ba. Kamyo ya tafi Tchaké, ya tafi Urafane, inda allo ya yi ja. Issawane na nan shar cikin allo, shanu na faɗuwa. Sai da wani ardo ya yi tattaki da mutanenshi har bakin biro, ya tsaya ya ce da Hausa ya sake da Fulatanci, cewa in Iniyon ta gama da su a faɗa musu su koma kudu tun da sauran masu iya tafiya. Nan take gazuwal ya samu. Aka tura kontabul, ya dawo ya ce mangaza ko ɓera ba zai kwana ciki ba.

To ga allo ya ce cike, ga ido ya ce wayam. Kun san sunan da ake ba mai makulli in haka ta faru. Kafin a ce mi, magana ta zaga kasuwanni, wai Malam Gambo ya sayar da dusar bayin Allah ga ƴan tsallake. Aka sa ranar kwamitin bincike, har ana ambaton jandarma.

Na biya kuɗin motar kasuwa da kaina na riga su zuwa. Na tarar da shi zaune bakin mangaza, ya rame, ya share cikinta fes ko da ba komi. Muka gaisa. Ban tambaye shi ko ya gane ba. Na ce, "Malam, a ce ni makiyayiya ce na zo karɓar buhu. Yi mini yadda ka saba." Ya goge hannu a riga, ya ɗauki tabilet, ya rubuta suna, lamba, buhu ɗaya, ba kuskure ko ɗigo. Ya ce alhamdulillahi, ya kai hannu zai rufe. Na riƙe murfin. Na sa yatsa na tura allo sama, koren ya fito. Ban danna ba, don ba buhun da ya fita da gaske. Na ce, "Malam, wanga fa?" Ya matso da fuska ya dube shi. Ya ce, "Yaushe aka sa shi?" Na ce tun ranar farko shike nan. Na yi mishi bayani. Sai ya ce, "Mai gidan yarinyar nan ya san da shi?" Na ce in Lawali shike nufi, ya sani, tare muka koya. Sai ga mai gadi ya tsoma baki da labarin darasin, nan ne na san ko wane ne Lawali a gidan. Wallahi sai da na zauna ƙasa.

Ni dai na taso da murnata. Na ce, "Malam, ka fita. Ba sata ba ce, ba sakaci ba ne, ba a koya maka ba ne. Zan faɗa, kai ma ka faɗa." Ya ce, "To, Madam. Allah Ya kai mu."

Ranar kwamiti aka zauna a babban ɗakin biro. Ga shugaba, ga Direkta, ga kontabul, ga wata mata wakiliyar masu tallafi da ordinatar ɗinta. Lawali na can kusurwa, kanshi tsakanin gwiwoyi. Makiyayan da ba su riga sun yi kudu ba suka shigo suka shaida sun karɓi kaya daga hannun Malam, maganar jandarma ta mutu. Saura tambaya guda, wa ya jawo kamyo bai je ba har dabbobi suka mutu. Na tashi na faɗi abin da na gani, ban rage ba. Na faɗi na Maraɗi da huluna, na faɗi na litar esansi, na faɗi na rajistocin da gara ta ci. Direkta ya riƙa "Madam, Madam, on se kalm," wai in kwantar da hankali, na ce ban gama ba. Wakiliyar ta saurara, sannan ta ce abin a fili shike. In ba a yi formasiyon ba, rahoton da aka aiko musu ƙarya ne, wanda ya ce ya koyar ya bar aiki yau. In kuwa an yi, mai mangaza ne ya yi sakaci, ya aje makulli. Ɗaya dai zai tafi. Kun lura sunan Direkta bai shigo cikin ko wanne ba.

Shugaba ya juya ya ce, "Malam Gambo, tsakaninka da Allah, an koya maka ko ba a koya maka ba?"

Lawali ya ɗago kamar zai miƙe, ya koma. Malam bai dubi kusurwar ba ko sau ɗaya. Ya ce, "An zo har mangaza an nuna mini. An tambaye ni ko na gane, na ce na gane. Wanda ya zo ya yi nashi." Ya sa hannu aljihu, ya zaro makullan da ke ɗaure da tsohuwar igiyar fata, ya aje bisa tebur a hankali. Direkta ya sauke numfashi har sai da takardun gabanshi suka motsa.

Na bi shi tasha raina a ɓace. Na ce, "Malam, mi ka yi haka? Ka san ba haka abin shike ba!" Ya ce, "Madam, wace kalma ce ƙarya cikin abin da na faɗa?" Na ce ba ƙarya, amma ka bar sunanka cikin bakin mutane. Ya gyara buta a hannu ya ce, "Jikokina a gidanshi suke cin tuwo. Ni kuma ina da gona. Kuma ko ba don haka ba, in tsaya gaban jama'a in ce surukina bai iya aikinshi ba? Da wane ido yarinyar nan za ta dube ni?" Mota ta cika, ya shiga. Ban taɓa jin haushin mutum da ganin girmanshi lokaci guda kamar ranar ba.

Lawali ya same ni daga baya yana sharar hawaye, wai ya so ya tashi ƙafarshi ta ƙi. Na ce ƙafar da ta iya figar moto daga Issawane ba ta iya miƙewa cikin ɗaki ba? Yanzu yana Maraɗi wani proje, an ce mini shi ke ba da darasin ƙarfafa ƙwarewar ma'aikata. Direkta kuwa an ɗaga shi gaba, don rahotonshi ya nuna ya gano matsala ya kuma ɗauki mataki. A Issawane har yau in aka ambaci shekarar, akwai mai cewa buhunan nan dai ba ƙafa gare su ba.

Daga wannan shekarar na sake salon aikina, kuma shi za ku koya ko kuna so ko ba ku so. Kafin in shiga kowane ƙauye da formasiyon, sai na zauna da wata tsohuwa na tambaye ta wa ke auren ɗiyar wa, wa ke ɗan farin wa, wa ke jin nauyin wa. Ku yi dariya, ai na ga haƙoranka mai jar hula. Ba a koya muku wannan a anformatik, karatun ordinatar, ba. Suruki da suruki ba sa zama mini aji ɗaya, ko da zan yi darasin sau biyu. Wanda zai riƙe tabilet shi ke zuwa, ba mai gidanshi ba, in shugaba na son kaza ya saya a kasuwa. Kuma duk wanda na ji ya ce ma ɗalibi "an gane?" cikinku, ranar zai koma gida. Ka tashi ka ba shi kujera.

Sai takardar bango, wadda na ga kuna yatsine fuska da na ce ku ne za ku sabunta ta. Shafi guda ce, da Hausa, boko a sama ajami a ƙasa, da hoton allo yadda shike, da kibiya mai cewa tura sama, da koren maɓallin an zana shi ƙato kamar faifai. Ana sa mata leda mai kauri, a kafe ta da ƙusa kusa da sikeli, daidai idon mutum. Duk ranar da masu lojisiyel suka tashi da ƙaiƙayin hannu suka matsar da wani abu, sai an sake ta an bi mangazoji an canza. Aiki ne mai gajiya, ba foto, ba perdiyem. Amma dattijo na iya tsayawa gabanta ya duba abin da bai sani ba, ba wanda ya ji ya tambaya, don takarda ba surukar kowa ba ce.

Da kaina na kai ta Issawane. An ba wata matashiya mangazar, na zauna da ita har hannunta ya faɗa. Ina kan kafa ƙusa sai na ji sallama a bayana. Malam Gambo ne, da katinshi na memba, ya zo karɓar buhun dusa na tumakinshi kamar kowa. Ya bi layi, bai yarda an shigar da shi gaba ba. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Tasawa. Da layi ya kawo shi bakin sikeli, sai ya tsaya gaban takardar, hannu a baya. Na ga leɓenshi na motsi, yana bin ajamin layi-layi har ƙasa, har wurin kibiyar. Ya daɗe a wurin. Na yi kamar ina neman guduma.

Matashiyar ta karɓi katinshi, ta rubuta suna, lamba, buhu ɗaya. Ta tura allo sama ta danna koren. Tabilet ya ce ƙil.

Malam Gambo ya juyo ya dubi abin da ke hannunta. Ya ce, "Ashe har ƙara shike yi."

Mai gadi ya taso zai ɗaukar mishi buhun, ya ce a bari. Ya durƙusa ya saɓa shi a kafaɗa da kanshi, ya fita ta ƙofar da ya yi shekaru yana kullewa.

Mai jar hula, ga guduma, ga ƙusoshi, ga takardun Urafane cikin jakar can. Motar kasuwa da sassafe take tashi, kuma ba ta jiran mai diplom.